Zuwa Ga Bawana Bazazzagi: Ina Sauran 'Yan Bencin Lakers?

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina fatan ka warke daga ciwon da ya kama ka tun ƙarshen watan Afrilun 2025, wanda ya sa in an kira wayarka sai a ji ta a kashe, in an tambaye ka kuma ka ɗora wa wutar lantarki laifi. Labari ya iso mana Kano cewa ka fara fitowa majalisa, har ka zaro rigar nan mai ruwan ɗorawa mai lamba 77 daga ƙasan akwati, kana bugun ƙirji wai bana kofin ƙwallon kwando na NBA na Lakers ne. Haka ka faɗa bara, haka ka faɗa bara waccan. Tun da 21 ga Oktoban 2025 ce ranar buɗe kaka, kuma da Warriors ne wasanku na farko, na ga ya zama wajibi in tuna maka abin da ka yi saurin mantawa. Haƙƙin ubangida ne ya yi wa bawansa nasiha, ko da kuwa bawan na da kunnen ƙashi.

Na san inda wannan fankama ta samo asali. A farkon Fabrairun 2025 aka wayi gari da labarin cewa Mavericks ta Dalas ta sallama wa Lakers Luka Doncic, yaro ɗan shekara 25 wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 2024, ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da damar zaɓen sabon ɗan wasa a 2029. Ran nan har mutanen Tudun Wada sai da suka ji ihunka. Ni Bakano ne, ba na ganin ciniki mai riba in ƙi yabawa, kuma na yaba: Rob Pelinka na Lakers ya yi wa Nico Harrison na Mavericks wayon da za a daɗe ana ba da labarinsa. Amma kai ka tsaya kallon wanda ya shigo, ka manta da wanda ya fita. Davis shi ne dogon da ke tsaye a gindin kwando, yana kaɗe ƙwallon abokan gaba, yana cafe wadda ta dawo. Shugabanninku sun san da haka, shi ya sa cikin 'yan kwanaki suka ƙulla ciniki da Hornets don ɗauko Mark Williams. Likitoci suka duba yaron, aka ce lafiyarsa ba ta gamsar ba, ciniki ya warware, aka dawo da Dalton Knecht gidan da aka riga aka yi masa sallama. Kuka shiga wasannin fidda gwani da Jaxson Hayes a matsayin dogon tsakiya, mutumin da kocinsa ma bai yarda da shi ba.

Bari in yi wa masu karatu ɗan bayani, don su san ba sharri nake maka ba. Wasan ƙwallon kwando zango huɗu ne, kowanne minti 12. Mutum biyar ke cikin fili, amma ba kamar ƙwallon ƙafa ba, koci na da ikon yin canji ko sau nawa ya ga dama, kuma wanda aka cire zai iya shan ruwa, ya goge zufa, ya dawo. A wasanni 82 na kaka, koci kan juya mutum goma ko fiye. In an shiga fidda gwani, inda wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa, sai a tsuke, a koma takwas, in abu ya yi tsanani bakwai. Wannan tsukewar ita ke tona asirin kowace ƙungiya, don a nan ake sanin mutum nawa koci zai iya miƙa wa amanar wasa.

To, ranar Lahadi 27 ga Afrilun 2025, a wasa na huɗu da Timberwolves ta Minisota, aka ƙidaya amintattun kocinku J.J. Redick. Kada ka ce barci ya ɗauke ka, don wannan ba irin wasan ƙarfe uku da rabi na dare ba ne da ke sa ka makara sallar asuba. Da misalin takwas da rabi na dare agogonmu aka fara, idonka biyu. An tafi hutun rabin lokaci Minisota na da 61, ku 58. Da aka dawo, Redick ya jera Luka da LeBron James da Austin Reaves da Rui Hachimura da Dorian Finney-Smith, ya naɗe hannu. Minti 24 cur bai canja ko mutum ɗaya ba. Masu ajiye lissafi sun ce tun da aka fara rubuta shiga da fitar 'yan wasa dalla-dalla a ƙarshen shekarun 1990, ba a taɓa ganin kocin da ya yi haka a wasan fidda gwani ba.

Zan yi maka adalci, ko da yake ba ka saba yi mini ba. A zango na uku dabarar ta ci. Kun buɗe da maki 14 a jere ba su ce uffan ba, aka rufe zangon kuna da 94 suna da 84. Na tabbata a lokacin ka fara rubuta mini saƙon da ba ka samu damar turowa ba. Sai zango na huɗu ya zo, ƙafafu suka fara nauyi. Anthony Edwards, ɗan shekara 23, ya zuba maki 16 a wannan zango kaɗai, ya tashi da 43. Dattijonku LeBron, mai shekara 40, wanda ya yi minti 46 cikin 48 a fili, ya tashi da maki 27 amma ko ɗaya bai ci a zangon ƙarshe ba. Saura daƙiƙa kamar talatin ya jefo ƙwallo daga gefe, Jaden McDaniels ya sace ta. Saura kamar daƙiƙa goma aka koma faifai, aka ga ya bugi hannun Edwards, aka ba yaron jifa biyu, ya ci duka. Reaves ya jefa ta ƙarshe daga kusurwa, ta ƙi shiga. Aka tashi 116 da 113.

Ko manomin da bai taɓa zuwa makaranta ba ya san ba a ɗaura wa shanun huɗa garma tun hantsi har la'asar ba a kwance su ba. Da safe za su ja kunya miƙaƙƙiya, mai gona ya yi ta murna, amma rana na karkatawa sai ka ga layi ya fara gocewa, tsohon cikinsu ya durƙusa. Ku mutanen Samaru, da cibiyar binciken noma a ƙofar gidanku, ai bai kamata sai Bakano ya koya muku wannan ba.

In kana tsammanin tsautsayin dare ɗaya ne, ka tattara zangon ƙarshe na wasanni biyar ɗin nan duka. Minisota ta ci maki 127, ku 85. Babu wasa ɗaya da kuka rinjaye su a minti 12 na ƙarshe, har wasa na biyu, wanda shi kaɗai kuka ci. Kocin Minisota Chris Finch in ya waiwaya bencinsa yana ganin Naz Reid, wanda aka zaɓa gwarzon 'yan benci a 2024, da Donte DiVincenzo, da Nickeil Alexander-Walker. A wasan farko ma Reid ɗin nan maki 23 ya ɗura muku a gidanku. Shi kuwa Redick in ya waiwaya, wa zai gani? Jarred Vanderbilt gwanin tare mutum ne, amma in ƙwallo ta zo hannunsa abokan gaba kan ja da baya su bar shi da kwando, don sun san ba abin da zai faru. Knecht ya iya jifa daga nesa, amma tsaronsa ƙofa ce a buɗe. Bronny, ɗan LeBron, an ɗauko shi a lamba ta 55 a zaɓen 2024, an yi hotuna shi da babansa ranar buɗe kaka, tarihi ya kafu, shi ke nan. Wanda nake jin zafin zamansa a benci shi ne Gabe Vincent, namu, wanda ya ci maki 21 ranar da Najeriya ta kayar da Amurka 90 da 87 a Las Vegas a watan Yulin 2021. Mutumin da ya buga wasan ƙarshe da Miami a 2023, aka ce ko minti uku ba za a ba shi ba don dattijo ya numfasa. Saboda haka ba Redick kaɗai nake zargi ba. Wanda ya haɗa masa wannan benci ya fi shi laifi, amma shi ma ya nuna ƙuruciya, don kafin a ba shi Lakers a 2024 bai taɓa horar da ƙwararru ba, hira yake yi da LeBron a intanet suna zana dabaru a takarda. Da wani ɗan jarida ya tambaye shi kafin wasa na biyar ko zai nemi shawarar mataimakansa kan canji, sai ya fusata ya bar wajen. Na ce lallai wannan koci da jinin Zage-zagi a jikinsa.

Wasa na biyar kuwa, ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi ba. Redick ya ajiye Hayes gaba ɗaya, ya fito da gajeru. Har Maxi Kleber, wanda bai taɓa sa rigar Lakers a wasa ba saboda karaya a ƙafa, aka jefa shi fili na 'yan mintuna ana neman mafita. Rudy Gobert na Minisota, dogon Bafaranshen nan da kake wa dariya, wanda maki 14 kacal ya ci a wasanni huɗun farko, ya duba bai ga sa'ansa ba, ya ci 27 shi kaɗai, ya cafe ƙwallo 24 da ta dawo daga kwando. Abin da ya fi ba ni dariya, Minisota ta jefa ƙwallo 47 daga layin maki uku, 7 kawai suka shiga, Edwards ya jefa 11 bai ci ko ɗaya ba, amma duk da haka suka doke ku 103 da 96 a gaban 'yan fim ɗinku. Wato ko ranar da hannunsu ya mutu, tsawo kaɗai ya ishe su.

Af, kafin in manta. Kana yawan yi mana gorin kofi 17. Biyar daga ciki a Miniyapolis aka ci su, kafin ƙungiyar ta yi ƙaura zuwa Los Anjalas a 1960. Ka ga kenan mutanen tsohon gida ne suka fatattake ku. Kuma Celtics na da 18 tun 2024, sai ka rage murya. Na ƙarshe da kuka ɗaga, a 2020 ne lokacin korona, a killace a Orlando ba ɗan kallo ko ɗaya. Daga nan Suns ta fitar da ku a zagayen farko, shekarar da ta biyo ko shiga ba ku yi ba, a 2023 Nuggets ta share ku huɗu ba ko ɗaya, a 2024 ta sake yi muku huɗu da ɗaya.

Dubi waɗanda suka kai wasan ƙarshe a watan Yunin 2025. Thunder ta Oklahoma ta ci wasa 68 a kaka, tana da Shai Gilgeous-Alexander, amma abin da ya sa ake tsoronta shi ne in ta cire mai tsaro ɗaya sai ta sako wanda ya fi shi naci. Pacers kuwa da gudu da yawan canji ta gajiyar da kowa a Gabas, har Bennedict Mathurin ya taso daga benci ya ci 27 a wasa na uku. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma ka san wa ya taso daga bencin Thunder ya ci maki 20 har sau biyu a wasan ƙarshe? Alex Caruso. Naku ne, da shi kuka ci kofin 2020, kuka ƙi biyan sa a 2021 ya tafi Bulls. Dogon da kuke ta nema ruwa a jallo kuma, kun taɓa riƙe shi a hannu: Ivica Zubac, wanda kuka miƙa wa maƙwabtanku Clippers a 2019 kuka karɓi Mike Muscala. A 2025 Zubac ya shiga cikin fitattun masu tsaro a NBA, Muscala ya yi ritaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki da kai shi ne, ba sai ka je Oklahoma neman darasi ba. Duk lokacin da aka yi zancen ƙwallon kwando sai ka miƙe ka ce Masai Ujiri ɗan Zariya ne, a nan ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallo a hannun koci Oliver Johnson. Gaskiya ne, ban musa ba, ko da yake ina zargin hankalin nasa bayan ya bar garin ya same shi. To me ya yi da Raptors, ƙungiyar da ya shugabanta, a kakar da ta ƙare a 2019? Ya kawo Kawhi Leonard, aka riƙa hutar da shi, wasa 60 kawai ya buga cikin 82, don a same shi da ƙarfinsa a watan Mayu da Yuni. A bayansa ga Kyle Lowry, ga Pascal Siakam ɗan Kamaru, ga Marc Gasol, ga Danny Green, a benci kuma ga Serge Ibaka da Norman Powell da Fred VanVleet. Daren da suka ɗaga kofi a gidan Warriors, VanVleet ɗan benci ya ci maki 22, 12 daga ciki a zangon ƙarshe, zangon nan da naku ke neman numfashi. Mutum takwas amintattu ɗan garinku ya tara. Kai kuma ka tsallake shi ka bi masu biyar. A watan Yunin 2025 suka rabu da Raptors, sai ka nemo lambarsa a wajen tsofaffin Samaru ka tura wa Pelinka.

Yanzu za ka ce ai an gyara. Mu duba gyaran. An sayar da mafi yawan hannun jarin ƙungiya ga Mark Walter a kan ƙimar dala biliyan 10, amma ƙa'idar albashi ta NBA ba ta barin mai kuɗi ya saye duk wanda ya ga dama. Luka ya sa hannu a kan ƙarin shekara uku, dala miliyan 165, ya rage tumbi, ya fi kowa cin maki a gasar Turai da ƙasarsa Sulobeniya kafin Jamus ta fitar da su. Wannan na yarda, yaron zai ci muku wasanni da yawa shi kaɗai. An kawo Deandre Ayton, wanda aka zaɓa na ɗaya a 2018, shekarar da Luka ya zo na uku. Tsawo akwai, hannu akwai, amma Suns ta gaji da shi, Blazers ta biya shi kuɗi don ya tafi, kuma wasa 40 ya buga a kakarsa ta ƙarshe da ita. In Luka ya jefa masa ƙwallo sama zai danna ta a kwando, ba shakka. Tambayata ita ce ko zai yarda ya yi aikin wahala, ya yi gogayya da Gobert da Nikola Jokic wasa bakwai a jere. An kawo Marcus Smart, gwarzon masu tsaro na 2022, amma a kaka biyu kafin zuwansa wasa 54 ya iya bugawa saboda rauni. An kawo Jake LaRavia, yaro mai ƙoƙari, sai dai ba a taɓa gwada shi a irin wannan wuta ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Finney-Smith, ɗaya daga cikin biyar ɗin da Redick ya amince da su, ya tattara kayansa ya taho Rockets. Wato an fara lissafi daga huɗu.

Daga huɗun ma a cire ɗaya na ɗan lokaci. LeBron ya karɓi dala miliyan 52.6 don kakarsa ta 23, abin da ba wanda ya taɓa yi, kuma ba na raina mutumin da ya fi kowa cin maki a tarihin NBA. Amma a watan Oktoban 2025 aka sanar cewa ciwon jijiya da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa ya kama shi, ba zai buga wasan buɗe kaka ba, karo na farko a rayuwarsa. Ranar 30 ga Disamban 2025 ce ranar cikarsa 41. In ya dawo, za a jera shi da Luka da Reaves, mutum uku masu son ƙwallo a hannu, ba ko ɗaya a cikinsu da zai iya bin Edwards ko Shai minti arba'in. In ka sa Smart ya yi wannan aiki, sai Hachimura ya koma benci. In ka bar Hachimura, sai a yi ta ratsa ku. Wannan shi ne ciwon kan da ke jiran Redick, kuma sunayen da kake jerawa a majalisa ba sa warkar da shi.

Yamma kuma ba wajen wasa ba ne. A kakar da ta ƙare a 2025 kun zo na uku da nasara 50, amma Nuggets da Clippers su ma 50 gare su, Minisota 49, Warriors da Grizzlies 48. Wasa biyu ne tsakanin mai na uku da mai na takwas. Mako uku na rashin dattijo ya isa ya jefa ku cikin wasan share fage na masu lamba 7 zuwa 10. Nuggets ta gane ciwonta ta cika bencinta da Jonas Valanciunas da Bruce Brown da Tim Hardaway ƙarami. Spurs na tafe da Victor Wembanyama. Thunder ba ta rasa kowa daga manyanta ba.

Na san abin da ke bakinka: ai Rockets ɗinku ma a zagayen farko aka kore ku. Haka ne, Warriors ta fitar da mu, amma sai da aka kai wasa na bakwai, ba a yi mana korar kare ba. VanVleet namu ya ji rauni a gwiwa a watan Satumban 2025, wannan ya taɓa mu, kuma Kevin Durant da muka kawo shi ma ba yaro ba ne. Sai dai ni tun zamanin Hakeem Olajuwon, da ya ɗaga kofi a 1994 da 1995, na san darajar dogon mutum a gindin kwando, kuma a 2025 kocinmu Ime Udoka ya tara uku: Alperen Sengun da Steven Adams da Clint Capela. In ka zo Kano ka durƙusa ka gaishe ni yadda ya kamata, zan sa baki a ba ku aron ɗaya.

Ga hukuncina, ka sa a rubuta maka shi a allo tun da ku ne birnin ilimi. Lakers za ta shiga fidda gwani, don ƙungiyar da ke da Luka da ƙyar take rasa gurbi. In ta yi sa'ar abokin karawa, tana iya tsallake zagayen farko. Zagaye na biyu ba za ta wuce shi ba. Kuma ba sai ka jira Afrilu ba, daga Janairu ka riƙa duba takardar sakamako bayan kowane wasa mai zafi, ka ga ko akwai mutum na bakwai da na takwas da Redick ke ba minti goma sha biyar ba tare da hannunsa na rawa ba. In babu, ka fara shirya uzurin wutar lantarki. Watan Cika-ciki na 2026 a tsakiyar Yuni yake, daidai lokacin da ake ɗaga kofi. Ka tanadi kuɗin sharata, ka kawo mini har gida da ƙafarka, ba na karɓar aike.